Hunturu takwas a Minnesota: amsata ga masu tambaya ko wurin zama ne

Da wuya wata ya wuce wani bai kira ni ba, ko daga gida ko daga New York, ya tambaye ni ko jihar nan da nake ciki wurin zama ce. A waya nakan ce alhamdu lillahi, da sauƙi, mu shiga wata hira. Na san gajeriyar amsar nan tana iya jefa mutum cikin irin abin da na shiga, shi ya sa na zauna na rubuta doguwar.

Ni haifaffen Maraɗi ne. A gidanmu sanyi shi ne na watan Janairu, lokacin da jaura ke kaɗawa, leɓe ya tsattsage, tsofaffi su kewaye wutar kara bayan sallar asuba, mu yara mu riƙa guje wa wanka. Da hantsi ya ɗaga shi ke nan, an manta. Na yi shekara shida ina koyar da lissafi a sakandare kafin sunana ya fito a lotaren bizar Amurka. Kuɗin biza dala 330 ne a kan kowane mutum, mu uku, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara biyu, ga na gwajin lafiya, ga na jirgi. Babur ɗina ya tafi, filin da na saya a bayan gari ya bi shi. A 2016 muka sauka New York, wani ɗan garinmu ya ba mu ɗaki ɗaya a Bronx.

Bronx tana da daɗin da sai ka bar ta kake ganewa. Kana tafiya a titi ka ji Hausa, ta Nijar da ta zangon Kumasi da ta Kano. Masallaci kusa, tuwo kusa. Amma shekara guda ina wankin mota da kai abinci gida-gida, ban ga alamar ranar da zan iya kama gidan kaina ba. Wani abokina ɗan zango da ya riga ni komawa Minnesota ya ce aiki a can shi ke neman mutum, haya kuma ba ta kai ta New York ba. Gaskiya ya faɗa. Abin da bai faɗa ba shi ne sauran labarin.

Mun iso farkon Agustan 2017. Duk wanda ya fara ganin Minnesota a wannan wata zai rantse ya samu gari. Ko'ina kore shar, tafkuna sun fi dubu goma a jihar, wasu a tsakiyar birni, rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas na dare. A makon ne kuma, ranar 5 ga wata, aka jefa bam a masallacin Dar Al-Farooq da ke Bloomington, da asuba, mutane sun fara taruwa don salla. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, nan ka kawo mu?" Ban samu abin cewa ba.

Katangar farko ita ce gidan haya. A nan kafin mai gida ya ba ka makulli sai ya binciki tarihinka na biyan bashi, wanda ake auna shi da maki daga 300 zuwa 850. Yawancinsu kuma suna son albashinka na wata ya ninka kuɗin haya sau biyu da rabi ko sau uku, su ga takardun albashi na 'yan watannin baya. Ni da na taso ina alfahari da cewa ba a bi na ko sisi, sai na tarar rashin bashin ne laifina: ba ni da maki kwata-kwata. Gidaje uku suka ƙi ni, kuma kowace takardar nema akwai kuɗinta da ba a mayarwa. A ƙarshe abokina ya tsaya mini, ya sa hannu tare da ni, muka samu gida mai ɗaki biyu a kan dala 1,100 a wata. Irinsa yau a unguwarmu ya doshi 1,500.

Maganin wannan ya kamata mutum ya fara shi tun watan da ya samu lambarsa ta soshiyal, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa don aiki da haraji. Ka je banki ka ajiye dala 300 ko 500, su ba ka katin bashi a kan kuɗinka. Ka riƙa sayen ƙaramin abu da shi, kamar man mota, ka biya gaba ɗaya kafin ranar da aka yanka. In ka biya duka a kan lokaci babu kuɗin ruwa da zai hau kanka. Bayan wata shida maki zai fara fitowa. Sannan kafin ka sa hannu a yarjejeniyar haya ka tambayi wa ke biyan kuɗin ɗumama gida. A tsofaffin benaye sau da yawa yana cikin haya. In kai ne za ka biya, lissafinka na Janairu da Fabrairu zai sha bamban da na Yuli. Ranar shiga ka ɗauki hoton kowane bango da kowace ƙofa, domin doka ta ba mai gida mako uku bayan tashinka ya mayar maka da kuɗin ajiyarka ko ya rubuta dalilin da ya sa ya yanke, kuma hoton nan ne shaidarka.

Sai sanyi. Tun Oktoba yake fara leƙowa, dusar ƙanƙara kan zauna daga Nuwamba ko Disamba har Maris, wani lokaci ta zarce. A shekara abin da ke zuba a Minneapolis da St. Paul, manyan biranen jihar, ya kai kimanin santimita 130. Hunturuna na farko ina ganin mun fita, tsakiyar Afrilun 2018 aka yi guguwar da ta sauke kusan santimita 40 cikin kwanaki kaɗan. Ranar na tsaya a taga ina kallo kamar wanda aka yi wa sata.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka kauri ne magani. Na sayi ƙatuwar riga guda, a ciki kuma singiletin auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya a tashar bas sai gumin ya huce a jikinka, ka fi wanda bai sa komai ba jin jiki. Sutura a nan hawa uku ce: ta jikin fata mai ƙin riƙe gumi, ta tsakiya ta ulu mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare iska da jiƙa. Dogon wando na ciki dole ne. Takalmi ya zama mai gashi a ciki, mai ƙasan roba mai kama ƙasa, kuma ya ɗan fi ƙafarka girma, don takalmi matsattse yana hana jini gudu, yatsu su fara mutuwa. Safar hannu mai haɗe yatsu huɗu wuri ɗaya ta fi mai rarrabe su ɗumi. Hula ta rufe kunne. Jihar ba ta karɓar harajin sayayya a kan tufafi da ɗanyen kayan abinci, shagunan gwanjo kuma cike suke da kaya masu kyau. Mai dabara a Maris yake sayen kayan hunturu mai zuwa, lokacin da aka karya farashi.

Lambar da za ka duba a waya kafin ka fita ita ce ta yadda sanyin yake a jiki in an haɗa da iska. In ta kai digiri 28 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, wanda da shi nake lissafi a rubutun nan, fatar da ke waje tana iya daskarewa cikin rabin awa. In ta kai 40, minti goma ya isa. Alamarta wurin ya yi fari ko toka-toka, ya daina jin taɓi. Kada a murza, kada a kara a wuta. Ruwa mai ɗumi-ɗumi ake sa wa, in abin ya yi zurfi a tafi asibiti. Mu masu alwala sai mun ƙara kula: ka tsane fuska da hannu da gemu sosai kafin ka fita. A nan na gane amfanin babin shafa a kan huffi da muka karanta a zaure muna yara, muna ganin kamar ba don mu aka rubuta shi ba.

A cikin gida abu biyu ke kawo asara. Na ɗaya, mutum ya kashe hita don ya rage kuɗi zai yi tafiya, ruwan cikin bututu ya daskare ya fasa shi, gida ya cika da ruwa, a kawo masa takardar gyara ta dubban daloli. Ko ba kowa a gida, kada ɗumin ya sauka ƙasa da digiri 13. Na biyu shi ne gawayi. Wutar gawayi a rufaffen ɗaki tana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum ya yi barci bai farka ba. Doka ta wajabta na'urar gargaɗi kusa da ɗakunan kwana, kada ka cire mata batir don ta dame ka. Matanmu kuma su yi haƙuri da kaskon garwashi. Turaren wutar farko da aka yi a gidanmu, ƙararrawar hayaƙi ta tayar da maƙwabta. Kaskon lantarki ya raba gardama.

Akwai kariyar da ban sani ba sai da na sha wuya. Daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, dokar jiha tana kare mutum daga yanke masa wuta ko gas na ɗumama gida, amma da sharaɗi: sai ka kira kamfanin kun tsara yadda za ka riƙa biya, kuma ka cika alkawari. Wanda ya yi shiru ya ɓoye takardu a aljihun tebur, ana iya yanke masa. Akwai kuma tallafin kuɗin makamashi ga masu ƙaramin ƙarfi, ana cike takardarsa tun kaka. Tun 2024 doka ta ce in mai gida ne ke riƙe da ma'aunin hita, dole ya tsayar da ɗumin gidan a digiri 20 ko sama a waɗannan watanni.

Mota a Minnesota ƙafa ce. Akwai bas, akwai jirgin cikin gari da ke haɗa Minneapolis da St. Paul da filin jirgin sama, amma yawancin masana'antu da manyan sito-sito suna bayan gari, inda bas ba ya kaiwa da ƙarfe biyar na asuba. In za ka sayi ta hannu, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta kafin ka dubi fenti, domin gishirin da ake zubawa a titi yana cinye ƙarfe, tsatsa ta huda bututun birki. Batir da ya wuce shekara huɗu ka canza shi a Oktoba, kada ka jira safiyar da zai ƙi tashi. Tankin mai kada ya sauka ƙasa da rabi. Ruwan wanke gilashi ya zama na hunturu, in ka zuba ruwan famfo zai daskare ya fasa robar. Iskar taya tana raguwa da sanyi, sai ana dubawa. A but ka ajiye ƙaramin shebur, bargo, wayar jona batir, da abin kankare gilashi. Gada tana riga titi daskarewa. In sanyi ya wuce digiri 9 ƙasa da sifili gishiri ya rage aiki, titi ya yi kamar busasshe alhali gilashin ƙanƙara ne a kansa. In mota ta kama santsi ka ɗaga ƙafa daga totur, ka juya sitiyari a hankali inda kake son zuwa. In ka maƙale cikin dusa kana jiran taimako da inji a kunne, ka fita ka share bakin salansa tukuna. Inshora kuwa wajibi ce, kuma sabon direba tsada ake yanka masa.

Ga inda rashin sani ya ci kuɗina. In dusa ta yi yawa, Minneapolis tana shelar dokar share tituna ta kwana uku. Daren farko, daga tara na dare zuwa takwas na safe, ba a ajiye mota a manyan titunan da aka yi wa alama. Rana ta biyu, daga takwas na safe zuwa takwas na dare, ba a ajiyewa a gefen gidaje masu lambar da ke rabuwa biyu daidai a sauran tituna. Rana ta uku sai ɗaya gefen. St. Paul nata tsarin daban ne, garuruwan kewaye ma kowa da nasa. Ni na dawo daga aikin dare na ajiye mota inda na saba, na kwanta. Da na tashi babu ita. Kusan dala 200 na biya tsakanin tara da kuɗin janwe, na kuma rasa aikin yini. Saƙon gargaɗin kyauta ake aiko shi a waya ga duk wanda ya yi rajista. Da ɗan gari akan ci gari, ni kuwa ban tambayi kowa ba.

Duk waɗannan abubuwa ne da ake koya a hunturu ɗaya. Wanda ya kusa kayar da ni hunturu na biyu ne, kuma ba ta fata ya shigo ba.

A Disamba rana tana fitowa wajen takwas saura kwata, ta faɗi huɗu da rabi. Azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu da 'yan mintuna. Lokacin ina aikin dare a wani sito, ina ɗaga kwalaye daga goma na dare zuwa shida na safe. In dawo cikin duhu, in kwanta, in farka rana tana shirin faɗuwa. Sai in yi mako ban ga hasken rana da idona ba. Ranar 30 ga Janairun 2019 ma'auni ya sauka digiri 33 ƙasa da sifili, aka rufe makarantu, har masu raba wasiƙu ba su fita ba. Fabrairun da ya biyo ya sauke dusar da ta kusa mita guda. A cikin watan nan aka kira ni daga gida cewa Baba ya rasu. Tsakaninmu da gida awa bakwai ne a hunturu. Ina cikin sito waya tana kabad a kulle, kafin in ga kiran an riga an yi masa sutura an kai shi. Kuɗin jirgi ba ni da su. Ko da ina da su, sai na canza jirgi na sauka Yamai, sannan in kama hanyar mota ta sama da kilomita 600.

A gida in aka yi rasuwa, kwana bakwai ba ka zama kai kaɗai. A nan mutum huɗu suka zo mini gaisuwa, washegari kowa ya koma aiki, ni ma na koma. Daga nan barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, ƙaramin abu in hau faɗa. Nakan zauna cikin mota a ƙofar gida rabin awa na kasa shiga. Ina ta tuna cewa a garinmu Mushe ake ce mini, wato Monsieur, yadda ake kiran malamin makaranta, yara na miƙewa in na shiga aji, ga ni yanzu lamba ce a jikin riga. Ban gaya wa kowa ba, don a tunanina namiji mai imani ba ya kukan irin wannan.

Maiɗakina ce ta matsa. Ta ce, "Malam, wannan ba kai ba ne. Ko ka je asibiti ko in kira Yaya in gaya masa." Na je don kunyar yayana. Likita ta auna jinina ta ce sinadarin bitamin D ya yi ƙasa ƙwarai, abin da ya zama ruwan dare ga masu baƙar fata a nan, domin ranar hunturu ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da shi. Ta kuma kira abin da ke damuna da sunansa, ciwon damuwa, irin wanda gajeriyar rana ke tsanantawa. Ta rubuta ƙwayoyin bitamin, ta ce in sayi fitila ta musamman mai haske sosai in zauna gabanta rabin awa bayan na tashi, ta haɗa ni da mai ba da shawara. Na ji nauyin zuwa wurinsa. Na je sau takwas, kuma ban daina addu'a ba, biyun ba su yi karo ba.

Watan Maris na ce mu tattara mu koma Bronx. Muka zauna da takarda da biro, aikin da na iya. Muka jera haya a nan da can, makarantar yarinya, asibiti, abin da ke saura a ƙarshen wata. Lissafi ya ƙi goyon bayana. Abin da ya fito fili shi ne aikin dare ne ke kashe ni. Na bar shi.

Hanyar da na bi ga ta, ko za ta yi wa wani amfani. Azuzuwan Turanci na manya kyauta ne a makarantun gwamnati, kuma ga wanda ya yi karatu da Faransanci irina nan ne mafari. Daga nan na yi kwas na mataimakin ma'aikatan jinya, awa 75 mafi ƙaranci sai jarrabawa, wasu gidajen kula da tsofaffi ma su ke biya maka kuɗin. Aikin ba ya yankewa, amma ka san abin da ke cikinsa: za ka yi wa tsoho wanka, ka canza masa ƙunzugu, wani lokaci mace ce. Na yi shekara biyu, cikinsu har da lokacin korona, ina karatun yamma a kwalejin shekara biyu. Takardun digirina sai da aka fassara su, wata hukuma ta tantance darajarsu, sannan aka yafe mini wasu darussa. Ka taho da takardunka na asali da sakamakon kowace shekara, nemo su daga nesa azaba ce. Yanzu ina aiki a masana'antar kayan asibiti. Jihar ta yi suna a wannan fanni, a Minneapolis aka kafa kamfanin Medtronic a 1949, asibitin Mayo kuma yana Rochester. A ƙananan garuruwa irin su Willmar da Worthington akwai mayankar talotalo da ta alade, haya da araha, aiki da nauyi, kuma Musulmi ya tambayi abin da ake yankawa kafin ya karɓa.

Haraji a nan yana da cizo. Bayan na tarayya, jiha tana ɗaukar kashi 5.35 zuwa 9.85 cikin ɗari gwargwadon samunka, alhali maƙwabciyarmu South Dakota ba ta karɓar harajin albashi sam. Sai dai mai iyali yana ganin inda kuɗin ke zuwa. Tun 2023 kowane ɗalibi a makarantun da ke cikin shirin jiha yana cin kalaci da abincin rana kyauta. A shekarar aka kawo rangwamen haraji da ya kai dala 1,750 a kan kowane yaro ga masu ƙaramin samu. Tun 2024 iyalin da samunsu na shekara bai kai dala 80,000 ba, 'ya'yansu na iya karatu a kwalejoji da jami'o'in jiha ba kuɗin makaranta. Akwai inshorar lafiya mai rahusa ta MinnesotaCare ga wanda samunsa ya wuce na tallafi amma bai kai ya sayi ta kasuwa ba. Mai haya kuma ya adana takardar shaidar biyan haya da mai gida ke bayarwa farkon shekara, ana mayar da wani abu a kanta lokacin cike haraji. Shekara biyu ina jefa tawa a shara.

Mutanen jihar suna da fara'a. Maƙwabci zai tura maka mota in ta maƙale, ya share maka dusar ƙofar gida ba ka roƙe shi ba. Amma kuna iya shekara biyar bai ce ka shigo ka sha ruwa ba, kuma in ya ce "sai mun haɗu mu ci abinci wata rana," sallama ce kawai. Batun launin fata kuma yana nan. A titin Minneapolis ɗan sanda ya kashe George Floyd ranar 25 ga Mayun 2020, a tarzomar da ta biyo baya na ga hayaƙin titin Lake da idona, kuma da yawa cikin shagunan da suka ƙone na baƙin haure ne. Tazarar mallakar gida tsakanin farare da baƙaƙe a nan tana cikin mafi faɗi a Amurka. In ɗan sanda ya tsayar da ni, hannuna biyu a kan sitiyari suke har ya gama magana, kuma haka zan koya wa ɗana.

Ta fuskar addini kuwa, Somaliyawa sun share mana hanya. Nan ne suka fi yawa a Amurka, ga Oromo na Habasha, ga mutanen Laberiya a Brooklyn Park da Brooklyn Center. Daga jihar nan Keith Ellison ya zama Musulmi na farko a majalisar dokokin tarayya a zaɓen 2006, Ilhan Omar ta gaje kujerarsa a zaɓen 2018. Tun 2023 Minneapolis ta yarda a yi kiran salla da lasifika sau biyar a rana. Mace da hijabi ba abin kallo ba ce a asibiti ko a banki. Naman halal har na raƙumi akwai a kasuwar Karmel. Garin gero ina samunsa a shagunan Indiyawa, manja da garin rogo a na mutanen Afirka ta Yamma, da rani kuma manoman Hmong, 'yan asalin kudu maso gabashin Asiya, suna kawo kuɓewa da alayyafo da ganyen dankali kasuwar manoma, mu saya da yawa mu daskarar. Kuka da daddawa sai an taho da su daga gida. Kilishi kada ka ɗauko, za a ƙwace a filin jirgi. Azumin da ya faɗo a Yuni ya kai awa 17, yanzu da yake matsowa cikin hunturu ya yi sauƙi.

Abin da babu shi ne Hausawa da yawa. Muna nan, amma a warwatse, sai suna ko Salla ke tara mu. Ba dandalin da za ka je bayan la'asar ka tarar da hira. 'Yata tana jin Hausa ta mayar da Turanci, ƙanenta da aka haifa a nan gaisuwa kawai ya iya da sunayen abinci. Mun kafa dokar Hausa zalla a kan tabarmar cin abinci, kuma duk Lahadi sai sun gaida kakarsu ta bidiyo. Wani makon dokar ta yi aiki, wani makon ni kaina nake karya ta.

To, wurin zama ne? Ga mai takardun zama cikakku, mai mata da yara ƙanana, mai niyyar koyon sana'a ya yi haƙurin shekara uku, amsata e ce, kuma ban ga inda zan samu abin da na samu a nan da na zauna Bronx ba. Ya zo tsakanin Mayu da Yuli, da kuɗin haya na wata uku a hannu, da lasisin tuƙi in zai yiwu, da mutum ɗaya aƙalla da zai tsaya masa. Ya guji aikin dare a hunturunsa na farko ko da an ƙara masa dala biyu a awa. Saurayi shi kaɗai wanda ransa ke son jama'a, gara ya fara da inda namu suka yi yawa. Mai ciwon sikila, ko mai yaro mai ita, ya yi shawara da likita tukuna, domin sanyi yana tayar da ciwon. Tsofaffi kuma a kawo su ziyara da rani. Na kawo Inna a 2023 bayan na zama ɗan ƙasa, ta ji daɗin Yuli da Agusta, da Oktoba ta kama ta ce, "Ɗan nan, mayar da ni inda ake ganin mutane."

Na sake sayen fili a Maraɗi, an kai ginin linta. Maiɗakina takan tambaye ni wa zai zauna a ciki, in ce mu, ta yi dariya ta nuna yaran. Yau dai Oktoba ta raba, ganyen bishiyoyin titinmu ya yi ja ya fara zuba. Jiya na canza batirin mota, na fito da shebur daga sito, na ɗora fitilar nan a kan teburin da nake karyawa.